Kafin a sake canza wa malamin Dogon Daji hanyar koyar da lissafi, a gwada tukuna

Malamin lissafi a firamaren Dogon Daji, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, ya saba da abu guda. Duk bayan 'yan shekaru sai a kira shi bita a Sakkwato, a ce masa yadda yake koyarwa ya tsufa. Wani lokaci a ce ya daina sa yara rera "biyu sau biyu huɗu", ya tara musu tsinke da marfin kwalba su ƙirga. Wani lokaci a ce ya koyar da Hausa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa. A Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke ta, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

Malamin yakan karɓi kuɗin motarsa ya koma aji. Abin da ba ya samu shi ne amsar tambayar da ta fi komai: wa ya gwada, kuma a kan yaran ina?

Hujjar ministan kanta ta nuna inda gizo ke saƙa. Yankin da ya faɗi jarrabawa zai iya kasancewa shi ne mai ƙarancin malamai, mai aji ɗaya da yara fiye da kujeru, mai yaran da ke ɓacewa gona lokacin girbi. Ɗora laifin a kan harshe kaɗai tamkar a ce takin wane ba shi da kyau ne, alhali a kan fako aka zuba shi, na ɗayan kuma a fadama.

Masana ƙididdiga sun daɗe da warware wannan, kuma a gona suka warware shi. Ronald Fisher, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, ya kafa ƙa'idar cewa ƙuri'a ce za ta raba wane fili zai samu wane taki, ba son ran manomi ba. Ya bayyana tsarin a littafinsa na 1935. Daga nan sai a fara da zaton cewa babu wani bambanci tsakanin takin biyu. Bayan girbi a tambaya: da a ce da gaske babu bambanci, sau nawa sa'a kaɗai za ta haifar da tazara mai girman wadda aka gani? In amsar ta gaza sau 5 cikin 100, sai a ce zaton ya yi rauni, a watsar da shi. Wannan shi ne gwajin hasashe, shi ne kuma 0.05 ɗin nan da ɗaliban ilimi ke haddacewa.

To, ai ana yin sa a Sakkwato, wani zai ce. Ana yi. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a fannin ilimi yakan ɗauki aji biyu, ya koyar da ɗaya da sabuwar dabara, ɗaya da tsohuwa, ya yi jarrabawa, ya zuba maki a kwamfuta, ya sanar da cewa sabuwar ta yi nasara. A nan ne matsalar take, kuma ta cancanci a tsaya a kanta.

A ɗauka aji biyu ne a Dogon Daji, kowanne da yara 60. Na farko ya samu matsakaicin maki 52, na biyu 47. Kwamfuta za ta lissafa kamar mutum 120 aka gwada, kowa da kansa. Alhali abu biyu kacal aka gwada: aji biyu, malamai biyu. In ɗaya malamin ya fi ɗaya zuwa aiki, ko ajinsa ne mai rufin da ba ya yoyo, duk yara 60 ɗin sun ci gajiyar hakan tare. Ko an jefa kwabo, damar sabuwar dabarar ta faɗa hannun ajin da dama can ya fi ƙarfi rabi da rabi ce. Irin wannan sakamako ba ya tabbatar da komai, komai yawan sifirin da ke bayan ɗigo.

Amma a ɗauki makarantu 20 a raba su goma-goma da ƙuri'a. Akwai hanyoyi 184,756 na yin wannan rabon. Da wuya a ce duk nagartattun malamai sun taru a ɓangare guda. A nan ne lissafin ke fara yin ma'ana.

Akwai wani abin kuma. Ma'aunin 5 cikin 100 na nufin in an gwada dabaru 20 da ba su da wani amfani, ana sa ran ɗaya za ta fito kamar ta yi nasara. In ɗalibai sun ɗauka cewa kundin da ya ce "babu bambanci" ba zai burge mai dubawa ba, ɗakin karatu zai cika da nasarori, aji kuma ya ci gaba da zama yadda yake.

Gwajin gaskiya yakan ba da kunya, shi ya sa yake da daraja. A Kenya, Michael Kremer da abokan aikinsa sun raba littattafan karatu ga makarantun karkara ta hanyar ƙuri'a. Kowa ya zaci maki zai tashi. Bai tashi ba, sai ga yaran da dama su ne kan gaba, domin littattafan da Turanci suke, sun fi ƙarfin sauran. A Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo sun gwada dabarar ƙungiyar Pratham ta ware yaran da aka bari a baya a koya musu daga inda suka tsaya, ba daga inda manhaja ta kai ba, kuma ta yi aiki a lissafi. Su ukun suka karɓi kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Dabarar ta iso Najeriya, har Kano ta gwada ta a Wudil da Dawakin Tofa ƙarƙashin shirin KaLMA.

Ita ma Sakkwato ba baƙuwa ba ce. Tsakanin 2014 da 2015, shirin RARA na hukumar USAID ya raba makarantu a Sakkwato da Bauchi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, ya gwada sabon tsarin koyar da karatun Hausa a aji biyu. Bayansa ne littattafan "Mu Karanta" suka shiga makarantu. Karatu ke nan. Lissafi ma yana bukatar irin wannan, ga shi kuma an rushe USAID ɗin a 2025.

Saboda haka aikin ya dawo gida, kuma bai fi ƙarfin gida ba. Hukumar SUBEB na da jerin makarantu. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da malaman ƙididdiga da ɗaliban da kowace shekara ke neman abin da za su yi bincike a kai. Tambuwal da Kebbe kuwa sun dace da gwaji, domin suna da makarantun bakin titi da na can cikin lungu. A ja ƙuri'ar kowace ƙaramar hukuma daban, don kowane ɓangare ya samu nasa kason na lungun. A auna yaran kafin a fara: tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. Wanda zai duba takardun ƙarshe kada ya san daga wane ɓangare suka fito. Yaron da bai zo ranar jarrabawa ba a bi shi gida, domin dabarar da ta kori raunana daga aji za ta fito da maki mai kyau na ƙarya. A kuma faɗi girman tazarar, ba wai "akwai bambanci" kawai ba. Rabin maki bai kai a sake buga littattafan jiha guda a kansa ba.

Masu cewa zalunci ne a ba wasu makarantu a hana wasu suna da magana. Sai dai ba kasafai sabon shiri ke isa ko'ina rana guda ba. Dama can wasu ke fara samu, kuma galibi na kusa da kwalta ne ko garin mai faɗa a ji. In an sa sunayen makarantu a ƙwarya aka ja a gaban sakataren ilimi da kwamitin iyaye, makarantar ƙauyen Kebbe na da dama daidai da ta cikin garin Tambuwal, waɗanda ba su fito ba kuma su shiga a zangon gaba in dabarar ta ci gwajin.