Wanda ya tsaya bayan ya gogi motar wani bai kamata ya yi da-na-sani ba

Da la'asar sakaliya, lokacin da ma'aikata ke tashi daga aiki kuma 'yan kasuwa ke haramar gida, da wuya a wuni ba a ji ƙarar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe ba, ko a bakin gadar Kennedy a Yamai, ko gaban babbar kasuwar Maraɗi, ko kusa da Kasuwar Dole a Damagaram. Taksi ta gogi wata mota, ko ɗan kabu-kabu ya fasa wa wani fitilar baya. Babu jini, babu karaya. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba sun fito kowa yana duba ɓarna, kafin a ce kwabo jama'a ta yi musu zobe.

Abin da ya lalace bai wuce fitila, madubi ko fenti ba. Amma yadda za a rabu a wurin shi ne zai koya wa direbobin biyu, da duk 'yan kallo, ko gobe su tsaya ko su tsere.

Mutanen ƙasar nan suna da al'ada mai kyau a irin wannan hali. Mai laifi ya ce: "Alhaji, laifina ne, a yi haƙuri." Dattijo ya duba motarsa, ya duba yaron, ya ce: "Tsautsayi ne, ɗana. Tunda rai ya tsira, Allah ya kiyaye gaba." In ɓarnar ta fi ƙarfin yafiya, sai su rankaya garaji tare, ko su karɓi lambar wayar juna su ajiye magana zuwa gobe. Da yawa sun fi son haka a kan jiran 'yan sanda su zo su yi konsta, domin jiran na iya cinye rabin wuni, kuma direban taksi yana da kuɗin da zai kai wa mai mota da dare.

Wannan sulhu na bakin hanya ba shi da alƙali, ba shi da takarda. Jarinsa ɗaya ne: maganar mutum. Kuma ana cin wannan jari ta fuska uku.

Ta farko ita ce ta mai laifi. Wani yana bugewa zai ƙara wuta ya ɓace cikin unguwa. Wani ya gogi motar da aka ajiye bakin masallaci ko asibiti, ya waiga hagu da dama, ya ga ba kowa, ya wuce abinsa. Wani kuma zai tsaya, ya rantse, ya ba da lamba, washegari a tarar wayar a kashe. Akwai ma wanda ya amsa laifinsa da yamma, amma da ya kwana abokan hira suka zuga shi, sai labari ya juya da safe. Duk wanda aka yi wa haka sau ɗaya, ba zai sake sakin baƙo a kan alkawari ba. Mai gaskiyar da zai gamu da shi nan gaba shi zai biya bashin maƙaryacin jiya.

Ta biyu ita ce ta wanda aka yi wa ɓarna, kuma ba a cika maganarta ba. Da ya ga wanda ya buge shi ya sauko da ladabi, sai ya ɗauke shi ganima. Tsohuwar lotsawar da ta shekara a jikin ƙofa ta shiga lissafi. Fitilar da dama a tsage take, a ce sai sabuwa fil. Wani lokaci har a haɗa baki da mai garaji: aikin jika 15 a ce jika 50, a raba abin da ya hau. Wannan ma cin amana ne, ko da mai yin sa yana ganin shi aka zalunta. Wanda ya tsaya don Allah aka tatse shi haka ya ɗauki darasi, kuma mugun darasi ne.

Ta uku ita ce ta 'yan kallo. Sau da yawa taron bakin hanya yana yanke hukunci kafin ya ji ba'asi. In mota da babur ne, mai mota ne mai laifi, ko da ɗan kabu-kabu ne ya keta jar wuta. In babbar mota ce ta gogi taksi, wasu sai su goyi bayan mai babbar riga don abin da za su samu. Mace a sitiyari an gama mata shari'a tun ba ta buɗe baki ba. Mota mai lambar Najeriya a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, ko yaron da ya shigo birni daga ƙauye yana kabu-kabu, ba su da mai tsaya musu. Waɗanda suka ga abin da idonsu kuwa sukan yi shiru su wuce, wai ba su son shiga shaida. Direban da ya san ihu da mari ke jiran shi in ya tsaya, ba abin mamaki ba ne in ya gudu.

Masu kare gudu suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa talauci ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024, kuma gyaran gefen mota ɗaya na iya lashe shi kaf. Wanda yake tuƙa babur ɗin wani, ba lasisi, ba takardar inshora, yana ganin in ya tsaya ya rasa abin hawa, ya rasa abincin gidansa. Gaskiya ne. Sai dai rashi dalili ne na neman sassauci, ba na yin ƙarya ba. Wanda ya ce: "Baba, ni na yi, amma ba ni da shi yanzu, a raba mini biya uku," ya fi samun rangwame a wurin mutane fiye da wanda aka kamo bayan ya gudu. Tsoron taro ma yana da mafita: in wurin ya yi zafi, a nufi ofishin 'yan sanda ko na jandarma mafi kusa a ba da rahoto, ba gida ba.

Doka da addini ba su bar wannan magana a duhu ba. Nijar na cikin ƙasashe 14 da suka sa hannu kan yarjejeniyar inshora ta CIMA a birnin Yawunde a 1992, kuma sashe na 200 na dokar ya wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki inshorar da za ta biya ɓarnar da ya yi wa wasu. Ba don a nuna wa ɗan sanda a shinge kawai aka yi takardar ba, don irin wannan rana aka yi ta. A fikihu kuma ƙa'ida ce sananniya cewa wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, da gangan ne ko bisa kuskure. Kuskure yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke ramuwa. Yafiya haƙƙin mai kaya ce, shi ke bayar da ita. Mai laifi ba ya yafe wa kansa ta hanyar tserewa.

'Yan ƙasar da ke zaune a Turai sun san wani salo. A Faransa direbobi kan ajiye takardar sulhu a cikin mota: su biyun su cika ta a wurin, su zana yadda abin ya faru, su sa hannu, kowa ya aika wa kamfanin inshorarsa cikin kwana biyar na aiki. Gudu bayan hatsari kuwa laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara 3 da tarar Yuro 75,000. A Jamus, wanda ya gogi motar da aka ajiye ya manna 'yar takarda a gilashi ya tafi, doka ba ta ɗauke shi ya sauke nauyi ba, sai ya jira mai motar ko ya sanar da 'yan sanda. Ga ɗan ci-rani mai neman sabunta takardun zama, gogar fenti da aka gudu aka bari na iya zama shari'ar da za ta bi shi shekaru. Wannan ba ya nufin mutanen can sun fi na nan gaskiya. Tsarinsu ne ya sa faɗin gaskiya ya yi arha, ƙarya ta yi tsada.

A nan gida ma ana iya kusantar haka ba tare da jiran kowa ba. Kusan kowane direba yana da waya mai ɗaukar hoto. A ɗauki hoton motocin biyu da lambobinsu kafin a gusar da su. A kira lambar da aka bayar nan take, a ji ta yi ƙara a aljihun mai ita. A zaɓi garajin da su biyun suka yarda da shi, a ji kuɗin aiki a gaban juna. A rubuta abin da aka shirya a kai, da shaidu biyu. In za a biya daga baya, a tura ta hanyar da ke barin rasit. Wasu na jin kunyar rubutu, suna ganin kamar zargi ne. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Rubutu yana kare mai gaskiya ne daga mantuwa da zugar 'yan gefe.

Sulhun yana da iyaka. In wani ya faɗi, ko ya bugu a kai ko ciki, maganar ta wuce ta garaji, ko da ya miƙe ya ce lafiyarsa lau. Ciwon ciki kan ɓoye sai dare. A kai shi asibiti, a kira hukuma.

Hukumomi ma da nasu rabo. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ANISER, kamfanonin inshora, ƙungiyoyin direbobi da makarantun koyon tuƙi za su iya yaɗa takardar sulhu mai sauƙi, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, wadda kowa zai iya cikawa a bakin hanya. In konsta ta zo da wuri, kuma inshora ta biya ba tare da an yi ta safa da marwa ba, mutane za su daina ganin bin ƙa'ida a matsayin hasara.

Kafin nan, nauyin yana kan waɗanda ke tsaye a wurin. Mai laifi ya amsa, kuma wayarsa ta kasance a kunne gobe. Mai kaya ya nemi haƙƙinsa daidai, ko ya yafe in zai iya. Wanda ya gani ya faɗi abin da ya gani, ko da a kan ɗan unguwarsu ne. Yaron da ya tsaya ya ce "ni na yi" ya kamata ya koma gida yana jin bai yi wauta ba, domin wanda zai gogi motar Alhaji a mako mai zuwa yana cikin masu kallo.