Injin Niƙan Kofi da Hawayen Amarya



Makon jiya na leƙa gidan wata ƙawata amarya, na tarar da ita a kicin ta zabga uban tagumi, idanu sun yi jajir. Na ce, "Ke lafiya? Ko wata ba ki rufa ba fa." Sai ta nuna min wani ɗan mitsitsin kofi a kan tire, kurɓa ɗaya aka yi masa. Ashe angon a Italiya ya yi karatu, ya dawo da injin dafa gahawar nan tasu mai kauri da suke kira espresso, kuma ba ya karin kumallo sai da ita. Ita ko baiwar Allah ta kwashi kuɗin gudummawarta ta sayo injin niƙa mai kyan kwali. Kullum sai ya kurɓa ya ajiye, ya ce, "Sannu da ƙoƙari," ya fice. Ni dai wallahi gara a yi min faɗa da wannan sannun.

Ina buɗe injin na gano matsalar. Mai 'yar wuƙa ne irin ta blanda, wanda sara kawai yake yi, wani ya fito gari wani tsaki. Ita kuwa espresso ruwan zafi ne ake turawa da ƙarfi ta cikin garin da aka danne, cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In garin bai zama bai ɗaya ba, ruwan sai ya bi ta inda ya samu sauƙi, ta fito tsararo, ga tsami ga ɗaci.

Wanda za ki nema shi ne mai haƙora biyu na ƙarfe, masu murƙushe ƙwayar a tsakaninsu. Kin san injin markaɗen unguwa, yadda kike cewa mai inji ya ƙara matsewa don ya yi laushi? To haka yake. Ki murɗa wajen saitin a gaban mai kanti, ki ga yana matsawa kaɗan-kaɗan, don ɗan motsi kaɗan ke canza ɗanɗano. Akwai masu haƙoran ma da laushinsu bai kai na espresso ba, saboda haka ki tambaya.

Sannan ki juya gindinsa ki karanta. Wutarmu 220 zuwa 240 ce. In kika ga 110 ko 120, na Amurka ne, kina jonawa zai ƙone. Kuma don Allah ban da zuba masa citta da kanumfari, ƙamshin ba ya fita. Ki niƙa daidai na lokacin, kamar giram 18 ga mai shan ninki biyu.

Ƙawar tawa ta mayar da mai wuƙar na niƙan yaji. Kuɗin sabon kuwa na ce ta daina ɓoye-ɓoye, ta faɗa wa angon gaskiya ya kawo. Har yanzu tana cewa kunya take ji.