Takobi Biyu Ko Takobi Da Garkuwa? Gardamar Da Ta Tashi A Zaurenmu

Yau ba maganar gida Maraɗi na zo da ita ba kamar yadda na saba. Wata gardama ce ta tashi a zaurenmu nan Kumbashi, har ta sa ƙanena, ɗan kawuna, ya yi kwana tara bai zauna a tabarmar wasanmu ba.

Ga wanda bai sani ba, akwai wani wasa da muke yi bayan isha'i, sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974. Mu kuma a wajen wani ɗan bautar ƙasa muka koya, lokacin ina sakandare. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu sauraro su ne jaruman ciki. Mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi, sannan a jefa ƙwaya irin ta lido amma mai fuska 20, ita za ta nuna ko abin ya yiwu. Babu ko kwabo a ciki, kada mai karatu ya ɗauka caca muke yi.

To shi ƙanen nawa ya ƙera jaruminsa da gajerun takubba biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, irin yadda yake gani a finafinan Caina. Na ba shi shawara ya riƙe garkuwa, ya ƙi. A faɗa na uku aka kashe jarumin. Ya miƙe ya ce, "Yaya, wannan doka zalunci ce. Mai takobi biyu ai sara biyu ya kamata ya yi cikakku, kuma a ji tsoronsa." Na ce masa doka ba ta zalunce shi ba, har yau kuma a kan haka nake. Ga dalilina.

Mu fara da lissafi, tunda 'ya'yan kasuwa ne mu. A bugun 2014, wanda shi muke bi, sai makaman biyu duk marasa nauyi ne za ka iya sara da na biyun, kuma saran na biyu ba a ƙara masa ƙarfin damtsenka, sai in ka koyi salon musamman. A ce ƙarfin jarumi 3 ne. Gajeren takobi ƙwaya mai fuska 6 ake jefa masa, wato tsaka-tsakinsa 3 da rabi. Idan duka saran biyu suka samu, ɓarnar ta kama 10. Mai dogon takobi ɗaya da garkuwa kuwa nasa 7 da rabi ne. Ribar ƙanena ke nan: 2 da rabi. Me ya biya? Garkuwa tana ƙara 2 a kan kariya, ma'ana cikin fuskoki 20 na ƙwayar abokin gaba, guda 2 da za su same ka sun koma banza. A duk sara 100 da aka kawo maka, kusan 10 ke nan da garkuwa za ta tare. Ranar nan kuwa maƙiya huɗu ne suka kewaye shi. Ya sayi riba kaɗan da tsada, bai kuma duba farashin ba. Ai ma sauƙi ya samu, domin a bugun 2003 wanda bai koyi salon ba, in makamin hagu mai nauyi ne, ana zare masa 6 a saran dama, 10 a saran hagu.

Amma ba lissafi kaɗai ya sa na yarda da dokar ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe bayan kaka ya ga amsar da idonsa. Ɗan dambe hannu biyu gare shi kamar kowa, amma ɗaya yake naɗewa da zare, shi ake kira mashi. Ɗayan a buɗe yake miƙa shi gaba, shi ne garkuwa. Da shi yake auna tazara, da shi yake tare naushi, da shi yake riƙe abokin karawa har mashin ya samu hanya. Wa zai kalli wannan hannu ya ce zaman banza yake yi? Mahayan da, irin waɗanda Turawa suka tarar a Kontagora a 1901 zamanin Ibrahim Nagwamatse, mai doki ba ya rasa aikin da zai ba hannun hagu, ga linzami ga garkuwa. Buzayen ƙasarmu ma da suke ɗaura wuƙa a hannun hagu ban da takobi, an san su da babbar garkuwar fata. Mutanen da ransu ne a kan faɗan, ba takarda ba, ba su yar da kariya don ƙarin sara ba.

Ban ce ƙanena ba shi da gaskiya ko kaɗan ba. An yi masu takobi biyu a duniya. A Japan an yi Miyamoto Musashi, wanda ya rasu a 1645, ya koyar da faɗa da dogon takobi da gajere tare. A Turai an yi zamanin siririn takobi a dama, wuƙa a hagu, sai dai babban aikin wuƙar shi ne tare sara, wato garkuwa ce a wata siffa. A cikin wasan ma, mai sara biyu ya fi samun damar ko ɗaya ya shiga, abin da ke da amfani idan maƙiyi saura ƙiris ya faɗi. Kuma masu wasa da yawa sun daɗe suna kukan cewa idan jarumi ya kai mataki na 5 salon yana komawa baya, shi ya sa bugun 2024 ya sassauta wa wasu makamai kamar wuƙa. Na yarda a rage farashi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce kyauta ne. In takobi biyu ya ba ka sara biyu cikakku ba tare da ka rasa komai ba, babu wanda zai ƙara ɗaukar garkuwa, wasan da kowa zaɓi ɗaya yake yi kuwa ya mutu.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne na taɓa yin irin wannan gardama da Baba, ni ne kuma a matsayin ƙanena. Baba hatsi yake saye a kasuwannin nan ana kaiwa arewa, kuma bai taɓa zuba jarinsa duka a kaya ba, kullum yana barin kashi ɗaya cikin uku. Na sha ce masa, "Baba, kuɗin nan da ke kwance asara ce." Sai ya yi murmushi ya ce in bari in girma. Da aka yi juyin mulki a Nijar a watan Yulin 2023 aka rufe iyaka, Najeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Na san mutanenmu da duk abin da suka mallaka yana kan mota a lokacin. Mu kuwa da kuɗin nan da na raina muka ci abinci, har aka aika wa dangi a gida. Mu da muke zaune a wata ƙasa, iyayenmu da kaburburan kakanninmu suna wata, mun fi kowa buƙatar hannun da ba ya sara.

Jiya ƙanena ya dawo tabarma. Ya ƙera sabon jarumi, kuma takubba biyu ya sake ba shi. Ban hana shi ba, zaɓinsa ne. Amma na lura wannan karon ba ya faɗawa tsakiyar maƙiya, yana jira mai garkuwa ya shiga gaba, shi ya zagayo ta gefe. Wanda yake ganin ni ne ban fahimci dokar ba, zaurenmu a buɗe yake bayan isha'i. Allah Ya sa mu dace, amin.