"Ai Ya Yarda" Ba Hujja Ba Ce

Yau da faɗa na zo, kuma da magana guda nake faɗan. Maganar ita ce: "Ai ya yarda."

Ga mafarin zancen. Wani dare a ajinmu na karatun manya, wani ɗalibi ya zo da takarda a naɗe cikin tsumma. Ta ƙanensa ce. Ya ce mu karanta ta tare, tunda yanzu idonsa ya buɗe. Muka bi ta baƙi bayan baƙi. Ƙanen ya ci bashin hatsi buhu 2 cikin watan takwas, lokacin da rumbu ya ƙare, noma bai ƙare ba. Takarda ta ce zai biya buhu 4 da kaka. In bai biya ba kafin ƙarshen watan goma sha ɗaya, gonarsa ta zama ta mai hatsi. A ƙasa ga yatsansa da ya dangwala, ga na shaidu biyu. A shekarar ruwa ya ɗauke da wuri. Gona ta tafi.

Aji ya rabu biyu. Wani dattijo ya ce: "Malam, wa ya kama hannunsa? Ai ya yarda." Da yawa suka gyaɗa kai. Ni ban gyaɗa ba.

Kada ku zaci gardamar nan ta ƙauyenmu ce kaɗai. Masana a Turai da Amurka sun fi shekara 300 suna yin ta. Tambayarsu ita ce: me ke sa abu ya zama daidai, ko ya zama zalunci, tsakanin mutum da mutum? Wasunsu suka ce yarjejeniya ce. Amma wace irin yarjejeniya? A nan suka rabu, kamar yadda ajinmu ya rabu.

Akwai wani mutumin Ingila, Tomas Hobz. A 1651, bayan yaƙin basasa ya wahalar da ƙasarsu, ya rubuta cewa in babu hukuma kowa tsoron kowa yake yi. Saboda haka mutane ke yarda su bi mai mulki, don kowa ya tsira da ransa. Har ya ce alkawarin da tsoro ya sa mutum ya ɗauka alkawari ne, sai an cika, matuƙar doka ba ta hana ba. Dattijon ajinmu bai taɓa jin sunan Hobz ba, amma bakinsu ɗaya.

Ni kuwa na ce wannan yarjejeniyar kasuwa ce. Kowa yana samu gwargwadon ƙarfinsa. Mai rumbu cike yana iya jira. Mai yara suna kuka ba ya iya jira. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. To, in ya kama takobin ya yanke hannu, sai mu tsaya a bakin ruwa mu ce ai shi ya kama? Kuma ku duba maraya da makaho da tsohuwar da ba ta da kowa. Ba su da abin sayarwa, ba su da abin tsoratarwa. In gaskiya ciniki ce, su ba su da rabo a cikinta.

Wasu masana sun ga wannan rami. A 1971 Jon Rolz, mutumin Amurka, ya ce a zaɓi dokokin zama kamar ba ka san ko attajiri za a haife ka ba ko talaka. Kun san watanda. Mai raba nama, in bai san kason da zai faɗo masa ba, da kyau yake rabo.

Amma wanda maganarsa ta fi shiga raina shi ne Tomas Iskanlan, wanda ya koyar a jami'ar Harbad ta Amurka. Ya fara bayyana ra'ayinsa a 1982, ya cika shi cikin littafi a 1998. Ma'anar sunan littafin ita ce abin da muke bin juna. Shi ba ya tambaya ko mutum ya ce "na yarda". Tambayarsa daban take. Ɗauki abin da kake son yi, ka mai da shi ƙa'ida ta kowa da kowa. Akwai wani mutum, ko da guda ɗaya ne, da zai iya ƙin ƙa'idar nan da dalili na hankali? In akwai, ba ka da ikon yi masa haka.

Mu gwada da takardarmu. Ƙa'idar ita ce: duk wanda yunwa ta sa ya ci buhu 2, in damana ta ɓaci, a karɓe gonarsa har abada.

Bari mu yi wa mai hatsi adalci, don shi ma mutum ne, shi ma yana da ikon ƙi. Zai ce: "Hatsi yana da tsada a watan takwas, yana da araha da kaka. In na ba da buhu 2 na karɓi buhu 2, na yi hasara. Kuma wasu ba su biya." Wannan magana ce ta gaske. In aka ce dole ya ba da hatsinsa ya yi hasara kowace shekara, yana da dalilin ƙi, kuma baɗi ba wanda zai ba da bashi. Batun riba kuwa malaman addini sun yi bayaninsa, ba fagena ba ne. Amma ku ɗora kayan biyu a kan sikeli. In aka hana karɓe gona, me mai hatsi ya rasa? Zai jira wata kaka, ko ya riƙe gonar jingina har a biya shi, sannan ya mayar. In aka halatta karɓewa, me manomi ya rasa? Abincinsa, da na ƴaƴansa, da na jikokinsa, saboda buhu 2. Ƙin mai hatsi ƙin ƙarin riba ne. Ƙin manomi ƙin halaka ne. Yatsan da aka dangwala bai sauya nauyin ko ɗaya ba.

Wani zai ce: "Malam, kana koya wa mutane karya alkawari." A'a. Ƙa'idar da ta ce kowa ya karya alkawari in ya ga dama, kowa zai ƙi ta, har manomin kansa. Bashin yana kansa, sai ya biya. Sharaɗin gonar ne ruɓaɓɓe.

Ba zan ɓoye muku ba, ra'ayin nan yana da masu suka, kuma ba wawaye ba ne. Suna cewa wa zai faɗi wane ƙi ne na hankali? Suna cewa jaki ba ya iya ƙin ƙa'ida, to dukansa halal ne? Iskanlan ya amsa cewa shi haƙƙin mutum a kan mutum yake bayani, ba dukan alheri da mugunta ba.

Sukar da ta fi zafi ta zo daga masu lissafin amfani, masu cewa a tara amfanin kowa a ga inda ya fi yawa. Derek Farfit na Ingila, wanda ya rasu a 2017, ya matsa wa Iskanlan ƙwarai a kan batun yawa. Ga misali. Ambaliya ta zo, kana da jirgin ruwa ɗaya. Mutum 5 suna kan wannan tudu, mutum 1 yana kan wancan. Kowa ya san 5 za a ɗauko. Amma in kukan kowane mutum shi kaɗai ake aunawa, ran guda ɗayan bai fi na kowa cikin biyar ɗin araha ba. Iskanlan ya ce in ka yi kamar 1 da 5 daidai suke, sauran huɗun suna da ikon cewa ba ka ƙidaya ransu ba. Amsar ba ta gamsar da kowa ba. Ni ma ta bar mini ƙaiƙayi.

Duk da haka ba ni komawa wurin masu tarawa. Na ga inda lissafinsu ke kaiwa. Ran da gari ke son hanyar amalanke, sai a ce ta bi ta tsakiyar gonar gwauruwa, don mutum 100 za su ji daɗi, ita kuwa ɗaya ce. Ɗan sauƙin mutum 100 ba ya haɗuwa ya zama cikin da zai ji yunwa. Ita ce za ta ji.

Da aka tashi aji a daren nan, ɗalibin ya tambaye ni abin da zai yi. Na ce ya kai takardar gaban mai gari da shaidun biyu, ya karanta ta da bakinsa, a hankali, har layin da ya ambaci gona. Shaidu biyun nan, ashe, ba wanda ya iya karatu a cikinsu.