Waiwaye: Makon da Muka Kai Yara Daji Kafin Lilo

Idan hutun ƙarshen shekara ya zo, abin da yawancin magidanta a Arewa suka saba shi ne a saka yara a mota a aika su Yamai wurin kawu ko goggo. Su yi mako biyu a gaban talabijin, ranar Lahadi a kai su wurin lilo, su dawo Dogon Dutsi da labarin gidajen bene. Zumunci ne, kuma abu ne mai kyau. Sai dai hanyar nan da suke bi suna gyangyaɗi a cikin mota, ta ratsa ƙasar da raƙuman dawan Afirka ta Yamma suka rage a cikinta, kuma da yawa cikin yaranmu sun girma ba su taɓa ɗaga ido sun ga ko ɗaya ba.

A hutun Disamba na 2017 muka yi wata tafiya ta mako guda da iyalina, wadda a lokacin na ɗauke ta abin da za mu riƙa maimaitawa. Yau da nake waiwayarta, rabin hanyar da muka bi ba ta biyuwa da yara.

Tun ana girbin wake muka fara shiri. Mai ɗakina ta nemi a ba ta kwasar adashenta a watan Nuwamba, ni kuma na ware buhunan waken da za a sayar don kuɗin mai. Lokacin ma sai da muka auna shi. Babban hutun makaranta yana faɗowa cikin damina, ga noma, ga hanyoyin gandun daji na W a rufe saboda ruwa. Watan Afrilu kuwa zafinsa ba na fita da ƙananan yara ba ne. Disamba ce ta rage: sanyi ya sauka, an kai hatsi rumbu, ciyawa ta fara kwanciya a daji. Wani ɗan'uwana direba ya samo mana hayar kat-kat, domin motar haya ba ta sauka daga kwalta ta bi sawun dabba. Muka bar awaki a hannun maƙwabta, Inna kuma, mahaifiyata, ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Gardamar da ta fi cin lokaci ita ce me za a fara da shi. Yara lilo suke so, tun ranar farko. Sun ji labarin motocin wasa masu karo da juna da dokin ƙarfe mai juyawa daga bakin 'yan ajinsu, ba su da wata magana sai wannan. Uwarsu ta goyi bayansu, ta ce a sallame su tukuna hankalinsu ya kwanta. Inna ce ta raba gardamar. Ta ce, "Yaron da ya sha zuma da safe ba ya jin daɗin fura da rana. Ku kai su daji tukun." A kan haka muka tsaya: daji a farko, birni da wasanninsa a ƙarshe, da kwana guda a tsakiya wanda ba a shirya komai a cikinsa ba.

Mun bar Dutsi bayan sallar asuba. A Kore Mairuwa muka ɗauki ɗan ƙanwata da aka kawo daga Tibiri a kan babur, muka miƙe ta Bolbol zuwa Doso, tafiyar kusan kilomita 140 daga gida. Muka tsaya yara suka ga fadar Zarmakoi daga waje, muka kwana wurin dangi. Da ni kaɗai ne, a rana ɗaya zan kai Yamai, amma da tsohuwa da yara a mota, gaggawa ba ta da amfani.

Washegari muka wuce Birnin Gawre muka isa Kure, kimanin kilomita 60 kafin Yamai. A lokacin, a bakin titi akwai wurin da ake biyan kuɗin shiga a ɗauki ɗan rakiya. Namu dattijo ne Bazabarme mai jin Hausa. Ya ce mana a wannan lokacin raƙuman sun bar tudu, sun gangara Dallol Boso wajen Harikanasu, inda gawo ke da ganye a rani. Ya haye saman motar da doguwar sanda a hannu. Idan yana son a yi dama sai ya sauko da sandar ta gefen dama na gilashin gaba, idan hagu ne ta hagu, direba yana bi. Muka yi ta ratsa gonakin da aka girbe, kara yana karcen cikin motar, har yara suka fara ƙorafin yunwa. Can sai muka ji ya buga rufin motar sau biyu.

Da farko ban ga komai ba sai itatuwan gawo. Sai wani abu da na ɗauka reshe ne ya juyo ya dube mu. Uwa ce da ɗanta, ga wasu can baya. Fatarsu fara-fara ce, zanen jikinsu ja mai haske, ƙafafunsu kusan farare. Muka sauka a hankali. Uwar ta zaro dogon harshe baƙi ta naɗe reshe mai ƙaya, ta zuge ganyen, tana taunawa tana kallonmu ba tsoro. Nesa kaɗan wata mata tana tsintar itace, yaro yana kora awaki, ba wanda ya kula da wani. Ƙaramar ɗiyata ta riƙe zanen kakarta ta ce, "Inna, wanga na wane ne?" Inna ta ce, "Na Allah ne, ɗiyata. Ba shi da maigida."

Ɗan rakiyar ya ba mu tarihinsu a tsaye a wurin. Waɗannan dabbobi da can sun bazu daga Senegal har Tafkin Chadi. Farauta da fari da sarar daji suka cinye su, har a 1996 waɗanda suka rage ba su wuce 50 ba, dukansu a wannan yanki. Hukuma ta hana taɓa su, ƙungiyoyi suka shiga taimaka wa ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, mutanen ƙauyukan kuma suka haƙura da ɓarnar da suke yi wa wake da mangwaro. Lokacin da muka je sun haura 600. A shekarar da ta biyo baya, 2018, aka ɗebi 8 aka kai su gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. A ganina wannan yana cikin manyan abubuwan da Nijar ta yi da hannunta, kuma manoman da suka yi haƙurin nan sun cancanci a riƙa faɗa wa yara labarinsu a makaranta.

Mun kwana a Yamai, muka yi guzuri: ruwa jarka-jarka, burodi, ƙilishi, garin rogo, maganin zazzaɓi da gidan sauro. Daga nan muka haye gadar Kennedy muka bi ta Sayi da Tamu zuwa Tafowa, ƙofar gandun W, tafiyar kimanin kilomita 150 wadda ƙarshenta jar ƙasa ce mai girgiza. An kafa gandun a 1954, kuma sunansa ya fito ne daga lanƙwasar da kogin Kwara ya yi a wurin, mai kama da harafin W. Ƙasashe uku ne suka raba shi, Nijar da Benin da Burkina Faso. Ɓangaren Nijar ya kai kadada 220,000, kuma UNESCO ta saka shi cikin kayan gadon duniya a 1996.

Daji yana da sharuɗɗansa. Ana fita da sassafe ko da la'asar, ba a sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce a sauka, ba a ɗaga murya. Sannan ba wanda zai yi maka alkawarin abin da za ka gani. Fitarmu ta farko ba mu ga komai ba sai zabin daji da birai da gadu guda da ya ruga da wutsiya a tsaye. Babban ɗana ya ɓata rai. Amma ɗan rakiyar ya tsayar da mota, ya nuna masa sawun giwa a cikin busasshen taɓo, ya ce ya saka ƙafarsa a ciki. Ƙafafunsa biyu suka shige har da sauran wuri. Ya nuna masa kashinta, ya fasa shi da sanda, ga 'ya'yan aduwa a ciki. Ya ce, "Jiya da dare ta wuce nan." Daga wannan lokacin yaron bai ƙara cewa ya gaji ba, idonsa yana ƙasa yana neman sawu. Da la'asar muka ga gwanki, muka ga garken ɓauna a bakin ruwa, washegari kuma Allah ya nuna mana giwayen daga nesa suna ratsa tsakanin kukoki. Zaki kam ba mu gan shi ba.

Daren da muka yi a can, Inna ta buɗe bakin da ban taɓa jin ta buɗe ba. Ta ce tana yarinya, a Dallol Mauri barewa har bakin gona take zuwa, kura kuma tana hana mutane fita da dare. Ta lissafa musu itatuwan da suka ga a ranar, kowanne da abin da ake yi da saiwarsa ko ɓawonsa. Yaran da a gida ba sa zama minti biyar gaban tsohuwa suka zauna har sanyi ya kore mu.

Da muka koma Yamai muka yi kwanan da ba a shirya komai ba. Aka yi wanki, aka yi barci, aka gaida dangi. Duk mai shirya irin wannan tafiya kada ya raina wannan rana, ita ce ke hana gajiya ta zama rigima. Sannan muka shiga gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe tun 1959. Nan suka ga ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a hamadar Agadas, da itacen Tenere da mota ta kaɓe a 1973, da maƙera da dukawa suna aiki. A nan ne ɗana ya ga zakin da daji ya hana shi. Ya daɗe a tsaye gaban kejin, sannan ya ce, "Baba, wannan bai san Tafowa ba ko?" Da can muka fara, da zakin keji ne zai zama zaki a wurinsa.

Ranar ƙarshe muka cika alkawari. Suka hau lilo, suka yi karo da motoci, suka yi ihu har muryarsu ta dushe, mu ma muka ji daɗin ganinsu. Kuɗin wurin yana tafiya da sauri, domin kowane hawa da tikitinsa, shi ya sa muka ba kowane yaro rabonsa a hannu tun daga ƙofa, ya zaɓi abin da zai hau. Ba na cikin masu raina wuraren wasa. Yaro yana da haƙƙin ya yi dariya.  Abin da na lura da shi kawai shi ne, bayan mun dawo Dutsi labarin lilo bai kai mako biyu ba ya ƙare, amma sawun giwa har yau ana ba da labarinsa a gidanmu.

Mun yi niyyar komawa, har na yi wa wasu abokaina biyu alkawarin mu haɗa iyalai. Ɗaya ya ce sai ya gama gini, ɗaya ya ce sai yaransa sun ƙara wayo. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a yankin raƙuman dawa na Kure, ma'aikatan agaji 6 'yan Faransa da 'yan Nijar 2, direba da ɗan rakiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan rakiya suka rasa abincinsu. Gandun W kuwa masu ɗauke da makamai sun shige shi, ba wanda zai kai iyalinsa can a wannan hali. Yaran abokan nan nawa sun yi wayon, wasu har sun gama sakandare, amma ƙofar da ake jira su girma su shiga ta rufe. Wuraren lilo suna nan, sai ma ƙaruwa da suka yi.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Abin da mutum ya ƙera da ƙarfe, in ya lalace a sayo wani. Daji da dabbobinsa da zaman lafiyar da ke kai mutum gare su, da tsohuwar da za ta faɗa wa jika sunan kowane itace, ba a sayo su. Inna ta rasu bayan tafiyar da 'yan shekaru, Allah ya gafarta mata, kuma abin da ta faɗa wa yaran a Tafowa ba ta sake faɗarsa a ko'ina ba.

Ba ina cewa kowa ya ɗauki 'ya'yansa ya jefa su cikin haɗari ba. A tambayi hukuma da mutanen wuri kafin a kama kowace hanya, a bi ta da rana, inda aka ce kada a je kada a je. Amma abin da ke kusa a fara da shi. Yara nawa ne a Dutsi suka taɓa hawa dutsen da garinsu ya ci sunansa, tare da babba mai nuna musu Tafkin Sau da lambunan dankali daga sama? Nawa ne aka kai Matankari, tsohuwar cibiyar sarautar Arewa, ko aka zaunar da su aka ba su labarin Lugu, inda Sarauniya ta tari rundunar Faransawa a 1899? Nawa ne a Tibiri da Gesheme da Dumega suka san sunayen tsuntsayen da ke sauka a fadamun dallol idan sanyi ya shigo?

Magidanci, hutun Disamba yana tafe. Ka ware kuɗin tun ana girbi, ka sa rana, ka ɗauki yaran da kanka maimakon ka aika su, in akwai tsoho ko tsohuwa a gida a tafi tare. Kada ka ce sai baɗi.