"A tayar tukuna, saiti daga baya": ganganci ne

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin samarin da ke rubuta manhaja a Zariya, na Samaru da na cikin birni: a tayar da dillalin saƙo tukuna, saiti daga baya. Suna ɗaukar wannan a matsayin zafin nama. Ni kuwa ganganci nake gani.

Dillalin saƙo manhaja ce mai zama tsakani: wannan ta ajiye saƙo, shi ya riƙe a layi har waccan ta zo ta ɗauka. Idan wata makaranta a Kwarbai tana karɓar kuɗin zango ta waya, tana tura wa iyaye shaidar biya ta tes, irinsa ne zai riƙe shaidar nan idan sabis ya tsinke. Fitattunsu su ne RabbitMQ da ya fito a 2007, da Kafka da kamfanin LinkedIn ya saki a 2011.

Ga yadda yaranmu ke yi. A saka RabbitMQ, a buɗe shafinsa ta ƙofa mai lamba 15672, a yi ta latse-latse: ga layi, ga mai shiga, ga izini. Abu ya yi aiki, a ce alhamdulillahi, a rufe kwamfuta. Ba a rubuta komai a ko'ina ba. Saitin duka yana cikin kan mutum ɗaya, wanda baɗi war haka yana bautar ƙasa a Kudu, wayarsa a kashe.

Daga bidiyon YouTube suka koyo, kuma masu bidiyon injinsu kan yi watanni bai mutu ba. Mu fa? A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta haura mako guda cikin duhu. Ko ba wannan ba, NEPA ta ɗauke, batir ya ƙare, a tayar da janareta: kowace dawowar wuta sabon tashi ne ga injin da ke ɗakin ofis. A nan tashi shi ne aikin yau da kullum, don haka shi ya fi cancanta a tsara.

Kuma RabbitMQ ba ya yafiya. Layin da ba a ce masa ya dawwama ba, da an sake tashi ya ɓace. Ko layin ya dawwama, saƙon da ba a yi masa alamar ajiya ba, zai iya ɓacewa. Wanda ya sa shi cikin akwatin manhaja na Docker bai ware wa bayanai wurin zama ba, ranar da aka sake gina akwatin sai ya tarar da fili fetal. Har sunan inji ma, idan ya canza, dillalin kan ɗauka yau aka haife shi, domin da sunan yake gane taskarsa. Uban da ya biya kuɗi bai ga tes ba, bai san Docker ba. Makarantar zai kira macuciya.

Maganin ba shi da tsada. Shafin RabbitMQ da kansa yana fitar da dukkan saitin a fayil ɗaya na JSON. A nuna shi a cikin rabbitmq.conf da load_definitions, a adana a Git. A fadar Zazzau, nan Kwarbai, kafin Sarki ya fito kowane mai sarauta ya san mazauninsa. Ba a fara neman wurin Galadima bayan an buga tambari.

Za su ce ai manhajar da kanta tana ƙirƙirar layinta. Na ji. To masu shiga da izininsu fa? Kuma idan manhajoji biyu suka nemi layi ɗaya da sharuɗɗa daban, ta biyun korarta ake yi. Sai batun "guest", mai shigan da RabbitMQ ke zuwa da shi, wanda sunansa da kalmar sirrinsa duka ɗaya ne: tun 2014 masu RabbitMQ suka hana shi shiga daga waje, amma yaranmu sai su nemo hanyar buɗewa.

Kai mai makaranta ko mai shago da ka ba da kwangila, kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa a zare wayar wuta a gabanka, a mayar, kowa ya naɗe hannu. Idan tes bai iso ba, riƙe kuɗinka.