"Dabul Faif" Da "Tiriful O": Mu Daina Wasa Da Lambar Waya

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma na san wasu za su ce abin bai kai ya kawo ba. Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe, sannan ku yanke hukunci.

Kwanakin baya wani dattijo maƙwabcinmu a nan Kafanchan ya yanke jiki ya faɗi da daddare. Muka kai shi asibiti, aka ce sai an ƙara masa jini, a nemo babban ɗansa da ke aiki a Abuja. Matarsa ta kwance bakin zane ta ciro wata 'yar takarda da jikanta ya rubuta mata sabuwar lambar ɗan nata. Na buga, wani mutum ya ɗauka yana ta yi mini Yarbanci. Na sake bugawa, shi ne dai, har ya fara faɗa. Sai da gari ya waye muka samu lambar a wajen wani abokinsa. Da muka jera lambobin biyu sai ga inda gizo ya yi saƙa: ɗan ya karanto wa yaron lambar ta waya, da ya zo kan 55 sai ya ce "dabul faif". Yaro ya ji "dabul", ya san biyu ake nufi, ya rubuta 25. Lamba ta cika goma sha ɗaya cif, amma ta wani bawan Allah ce can kudu. Dattijon ya samu sauƙi, sai dai wannan daren ba zan manta da shi ba.

Laifin wa? Ni ban ga laifin yaro ba. Laifin namu ne manya, da muka mayar da karanta lambar waya fagen nuna iya Turanci. Ka tsaya a shagon cajin waya ko wajen mai POS minti goma ka saurara. Wannan ya ce "o et o tiri", wancan ya ce "ziro et ziro tiri". Wani ya fara da Hausa, a tsakiya ya koma Turanci, ya ƙare da "tati-faif" ko "fifti", mai rubutu bai san 15 aka ce ko 50 ba. Wani kuma ya zubo lambobin goma sha ɗaya a numfashi guda kamar ana korar sa, in ka ce ya maimaita sai ya maimaita da wani rabon daban, ka rasa inda ka tsaya. Mutum guda, lamba guda, karatu kala uku.

Alhali lambar nan tana da gaɓoɓi. Waɗanda suka yi zamanin NITEL za su tuna kowane gari da lambarsa ta shiga: Kafanchan 061, Kaduna 062, Kano 064, Zariya 069, Jos 073. Ka fara faɗin ta gari, ka ɗan tsaya, sannan ka kawo ta gida ko ta ofis. Da wayar salula ta shigo a 2001, sai lambar kamfani ta maye gurbin ta gari: MTN da 0803, Econet wanda yau ya zama Airtel da 0802, Glo ya biyo baya a 2003 da 0805, Etisalat a 2008 da 0809. Bayan waɗannan huɗun farko sai bakwai na mai layi, su kuma an saba raba su uku da huɗu. Wato huɗu, uku, huɗu. Haka za ka gani a yawancin takardun ofisoshi da allunan talla. Ba mu da dalilin ƙirƙiro wani rabo kullum.

Akwai kuma masu cewa "ai MTN ne", sai su ba ka bakwai na ƙarshe kawai, wai kai ka san sauran. Wannan lissafin ya mutu tuntuni. MTN kaɗai yana da 0803, 0806, 0703, 0706, 0813, 0816, 0903 da wasunsu. Sannan tun 2013 hukumar NCC ta ba kowa damar ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lambarsa, don haka mai 0803 na iya kasancewa a kan Airtel yake. Ka ba ni lambar duka, ka bar mini zancen kamfani.

Me ya sa rabon yake da muhimmanci? Domin kan ɗan Adam ba buhu ba ne. Tun 1956 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, George Miller, ya yi bayanin cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce abubuwa bakwai ba, ko a ɗara kaɗan ko a gaza kaɗan, sai fa in an ƙulla su ƙulli-ƙulli. Goma sha ɗaya sun yi wa kowa yawa, amma ƙulli uku ko tsohuwa za ta riƙe. Shi ya sa kowace ƙasa ta zaɓi salonta ta tsaya a kai. Amurkawa uku, uku, huɗu suke yi. Faransawa bibbiyu suke jerawa har sau biyar. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram lambobinsu takwas ne, su ma bibbiyu suke rubutawa, haka kuma suke karantawa. Mai faɗa da mai ji duk sun san inda za a numfasa. Mu ne kowa da kiɗansa.

To da wane harshe za a karanta? A nan ne za mu saɓa da wasu. Ni na ce idan da Hausa ake hirar, a karanta lambar da Hausa. Kafanchan mahaɗa ce tun da layin dogo ya iso a shekarun 1920. Ka shiga kasuwa za ka tarar da Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Kaninkon, Fulani, Ibo da Bahaushe, duk da Hausa ake ciniki. Matar da ta kawo citta daga Kwoi da dillalin da ya zo daga Kano da Hausa suke ƙirga buhu, da Hausa suke yanke farashi. Amma ana zuwa kan lambar waya sai kowa ya murɗe baki, kamar faɗin "takwas" abin kunya ne. Wanda bai yi boko ba ya ji nauyin cewa bai gane ba, ya gyaɗa kai ya tafi da lambar da ba ta aiki. Iyayenmu ne suka fi shan wannan wahala.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce Hausa tana da tsawo, "sifili takwas sifili uku" ya fi cin lokaci. Gaskiya ne, amma daƙiƙa nawa ne bambancin? Biyar? Mu mun kwana muna neman mutum saboda an yi tsimin daƙiƙa biyar. Sauri ya haifi nawa.

Za a kuma ce "biyu" da "biyar" suna kama a waya, balle in sabis ba shi da ƙarfi, haka "bakwai" da "takwas". Wannan ma ban musa ba. Sai dai Turancin ma bai tsira ba. Matuƙan jirgin sama, waɗanda kuskuren lamba guda kan iya jawo asarar rayuka, sun ga "faif" da "nain" suna rikita kunne, sai suka sauya lafazin tara zuwa "naina". Lambobi ɗaya bayan ɗaya suke faɗa, kuma wanda aka faɗa wa dole ya maimaita a ji. Ba za ka ji matuƙin da ya san aikinsa yana gaggawar burge kowa ba. In su sun ƙasƙantar da kai sun yi haka, mu su wa?

Kada kuma mu kwaso cutar "dabul" mu zuba ta cikin Hausa. Idan ka ce "takwas uku", 83 kake nufi ko 888? Idan ka ce "biyar biyu", 52 ne ko 55? Magani guda ne: kowace lamba a kira sunanta. Takwas, takwas, takwas. Sifili kuma a ce sifili, domin "o" harafi ne.

Wanda har yanzu yake ganin wasa ne, ya tuna cewa yau lambar waya ta zama aljihu. A OPay da PalmPay, lambar wayarka ce lambar asusunka, an cire sifilin farko ta koma goma, daidai da tsawon lambar asusun banki. Lamba guda ta kauce, kuɗin cittarka ko gudummawar jinyar da ƙungiya ta tara sun faɗa hannun wanda ba ka taɓa gani ba, kuma duk wanda ya taɓa bin sawun irin wannan kuɗi ya san zirga-zirgar da ke ciki. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mai POS da ba ya karanto sunan mai asusu da ƙarfi kafin ya tura, shi ma yana da nasa kason. Ga kuma NIN da BVN, kowacce lamba goma sha ɗaya ce kamar ta waya. A rubuta suna a gefen kowacce, kada a cakuɗa, BVN kuwa ba abin karantowa a bainar jama'a ba ce.

Saura zancen 'yan uwa na waje. Lambar shiga Najeriya +234 ce, kuma tana zama ne a madadin sifilin farko. Mai 0803 zai koma +234 803. Da yawa sukan rubuta +234 0803, sai kira ya ƙi shiga ko a neme ka a WhatsApp a rasa. Haka in kai ne mai kira: Nijar +227, Gana +233, Kamaru +237, Chadi +235, Saudiyya +966. Dubi yadda 233 da 234 da 235 suke maƙwabtaka. Kuskuren lamba guda ya kai ka wata ƙasa.

Don haka ga roƙona ga shugabannin wannan ƙungiya da masu kula da shafin nan. Duk sanarwar da za a saka, ta rasuwa ce, ta cigiya ko ta neman taimako, a rubuta lambar a rarrabe huɗu, uku, huɗu, a sa sunan mai ita. Kada a wadatu da saƙon murya, a biyo shi da rubutu. Idan a taro ne ko a lasifika, a karanta ɗaya bayan ɗaya, a tsaya a kowace gaɓa, a maimaita sau biyu. Wanda ya karɓi lamba ya ƙirga ta da yatsa, ya karanto wa mai ita, sannan ya buga nan take a ji ta yi ƙara kafin a rabu. Da mun yi wannan na ƙarshen kaɗai, da takardar tsohuwar nan ba ta yaudare mu ba.

Kuma kowa ya koya wa yaransa da tsofaffin gidansa lamba biyu da ka, tare da 112 ta kiran gaggawa. Mu da ke wannan yanki mun san waya kan faɗi, caji kan ƙare, kuma akwai daren da mutum kan fita daga gida ba tare da ya ɗauki komai ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wanda yake da ja, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa. Amma kafin nan, yau ɗin nan ka je wajen mahaifiyarka ka ce ta nuna maka inda aka rubuta mata lambarka, ka duba da idonka ko daidai take. Allah Ya sa mu gyara.